Alhassan Ɗantata: Daga asusun Tata zuwa raƙuma ashirin na azurfa

A 'yan shekarun nan, duk lokacin da tsofaffin ɗalibaina na Mai Wurno da ƙauyukan bakin kogin Nilu Shuɗi suka kammala jami'a, tambaya ɗaya ce take yawan dawo mini daga wajensu. Suna son sanin ta ina mutum zai shiga harkar kuɗi da zuba jari alhali ba shi da uba a banki, ba shi da ɗan'uwa a Khartum, ga shi kuma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa kasuwanni da ofisoshi. Wasunsu sun karanta lissafin kuɗi, wasu tattalin arziki, takarda na hannu amma aljihu babu ko sisi. Abin da ya fi damuna shi ne, a daidai wannan hali ne masu alƙawarin ninka kuɗi ta waya suke samun kasuwa a wajensu.

Ni malamin makaranta ne, sana'ata alli da allo. Abin da zan iya ba su shi ne tarihi. Kuma a tarihin Hausawa ban san wanda rayuwarsa ta fi dacewa da wannan tambaya ba kamar Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, ya rasu a birnin Kano a 1955 ana yi masa kallon wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Mu nan Sinnar mun fi jin sunan jikokinsa da tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote. Shi kansa tushen, kaɗan daga cikin yaranmu ne suka san yadda ya faro.

Maraya a hannun Tata

Mahaifinsa Abdullahi Ba'agale ne. Agalawa kuwa jama'a ce da ta shahara da fatauci mai nisa, musamman na goro zuwa Gwanja. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai zaman kanta. Wato a gidan ciniki aka haife shi. Sai dai gidan bai daɗe a tsaye ba. Mahaifin ya rasu Alhassan yana yaro ƙarami, bai kai shekara goma ba. Aka raba gado tsakanin 'ya'ya, mahaifiyar ta tafi Akara a ƙasar da ake kira Gana a yau, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Sunan wannan baiwar Allah ne ya bi shi har kabari, ya bi zuriyarsa har yau: Ɗan Tata.

Aka sa shi makarantar allo a Bebeji. Ɗan abin da ya gada bai kai shi ko'ina ba, don haka ya rayu kamar sauran almajirai, yana yi wa malam aiki, yana neman abin da zai ci da guminsa. Masu ba da tarihinsa sun ce Tata ce ta koya masa ajiya. Ta samo masa asusun ƙasa, irin wanda ba a cire kuɗi daga cikinsa sai an fasa, aka kafa shi a jikin bangon gida, duk abin da yaron ya samu sai ya jefa wani abu a ciki.

A nan nake so ƙannena su fara tsayawa. Mutumin da daga baya turawa suka riƙa nemansa don ya saya musu kaya, darasinsa na farko a ilimin kuɗi daga wata tsohuwa ya samo shi, wadda ba ta mallaki ko kanta ba. Darasin kuma ɗaya ne tak: kada duk abin da ya shigo hannunka ya wuce ta bakinka. Na ga samari da yawa suna jiran babban jari kafin su fara, alhali wanda bai iya riƙe fam dubu ba, miliyan ma ba zai iya riƙe ta ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Hanyar Gwanja da wutar basasa

Yana ɗan saurayi ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja, har ya isa Akara wajen mahaifiyarsa. Wanda bai san wannan tafiya ba zai ɗauka wasa ce. Ayari kan yi watanni a hanya da jakuna da 'yan alaro, ƙarƙashin madugu wanda shi ke sasantawa da sarakunan da ake ratsa ƙasarsu, a biya fito a kogi, a biya kuɗin hanya, a kwana a zango cikin tsoron 'yan fashi. Ana tafiya da kanwa da tufafin Kano da kayan fata, a dawo da goro. Shi kuwa goro kaya ne mai rai. Dole a naɗe shi da ganye, a riƙa yayyafa masa ruwa, a riƙa buɗe huhu ana tsince wanda sankara ta kama tun kafin ya lalata saura. Falken da ya yi sakaci na mako guda zai iya isa Kano da asara bayan wahalar rabin shekara.

An ce da ya isa, mahaifiyar ba ta zaunar da shi tana shagwaɓa shi ba. Hannun wani malami ta damƙa shi, ya ci gaba da karatu da neman na kansa, daga baya ya komo Bebeji. Abin da ya dawo da shi ya fi kuɗi. Ya ga teku, ya ga jiragen ruwa, ya ga kantunan turawa, ya ga yadda farashin abu ɗaya yake bambanta daga gari zuwa gari.

Sai kuma ƙaddara ta sake gwada shi. A 1893 basasar Kano ta ɓarke tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, waɗanda daga baya Aliyu Babba ya jagoranta har suka ci birni. Rikicin ya ci garuruwa da dama, Bebeji na ciki. Tarihin gidan ya nuna an kama Alhassan da wasu 'yan'uwansa aka bautar da su, sai daga baya suka fanshi kansu. Ka duba fa: ɗan attajiri, ya zama maraya, ya zama almajiri, ya zama bawa, duk kafin ya cika shekara ashirin.

Wannan ɓangare na rayuwarsa ya fi taɓa ni yanzu fiye da da. Mun ga yadda Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, muka ga abin da ya sami Sinja a tsakiyar 2024, muka ga mutanen da suka tara shekara talatin suna gini sun fita da kayan jikinsu kawai. Wanda ya rasa komai yakan ɗauka shi ke nan. Alhassan ya fito daga bauta babu dukiya, amma da abubuwan da ɗan fashi ba ya iya kwashewa: ya san hanya, ya san kaya, ya san lissafi, mutane kuma sun san shi da riƙon amana. Da su ya sake ɗaura ɗamara.

Lokacin da hanya ta sauya

A 1903 turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. A watan Yulin shekarar aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yo gabas, har suka sauka kusa da Shaikh Talha a bakin Nilu Shuɗi, garin da muke ciki yau ya samu sunansa. Wato shekarar da kakanninmu suka zaɓi hijira, Alhassan yana cikin waɗanda suka zauna suka fuskanci sabon zamani ta hanyar kasuwa. Ba na ganin ɗaya ya fi ɗaya daraja. Kowa da abin da Allah ya hore masa, kuma mu jikokin masu hijira muna da abin koyo a wajen waɗanda suka zauna.

Tsohuwar hanyar goro ta riga ta fara mutuwa tun kafin nan. Yaƙin cikin gida na 1892 ya rusa kasuwar Salaga, wadda ita ce babbar mahaɗar fataken Hausa da goron Asante. A 1903 kuma layin dogo daga tashar ruwa ta Sekondi ya isa Kumasi. Alhassan yana cikin Hausawan farko da suka gane ma'anar wannan. Maimakon jaki ya yi watanni yana ratsa daji, sai a ɗora goro a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, a sa shi a jirgin ruwa zuwa Legas, daga can a haura da shi arewa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai tafiyar ta ƙara gajarta.

A matsayina na mai koyar da lissafi, ga yadda nake fassara wa ɗalibai abin da ya yi. Falken da jarinsa ke juyawa sau ɗaya a shekara, ko da ribarsa mai kauri ce, ba zai kamo wanda jarinsa ke juyawa sau huɗu ko biyar ba, ko da ribar kowane zuwa kaɗan ce. Ga shi kuma kayan ba sa daɗewa a hanya balle su ruɓe. Saurin juyawar jari da rage asara, su ne sirrin. Ya kuma haɗa da wasu kayan, irin su duwatsun ado da tsakiya da yadin turawa, don kada duk ƙwansa ya zauna a hannun goro kaɗai.

Gyaɗa

Turawa sun shimfiɗa dogo zuwa Kano ne da fatan auduga za ta riƙa kwarara zuwa masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka ba su mamaki. Masana'antun Turai sun fara neman man gyaɗa don yin man shafa wa burodi da sabulu, farashinta ya yi kyau, ita kuma gyaɗa ta dace da jigawar Kano, tana gyara ƙasa, in kasuwa ta ƙi ma a ci abin a gida. Daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa.

Mu 'yan Jazira mun san ɗaya fuskar wannan labari. A nan, bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, ba a bar wa manomi zaɓi ba. Kamfanin turawa da gwamnati su ke faɗin abin da za a shuka a hawasha, auduga ce dole, manomi yana da kashi 40 cikin ɗari na kuɗinta. A Kano kuwa kamfanonin turawa ba su da gona, ba su jin Hausa sosai, ba su san ƙauyuka ba. Dole suka nemi 'yan kasuwar gari su shiga tsakani. Irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo suna cikin waɗanda suka fara. A 1918 Kamfanin Neja ya jawo Alhassan cikin harkar, kuma cikin 'yan shekaru ya sha gaban kowa, har zuwa farkon shekarun 1920 ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Kano.

Me ya sa ya wuce waɗanda suka riga shi? Na farko, ya zo da jarinsa na goro, don haka ba ya jiran sai bature ya ba shi kafin ya saya. Na biyu, zamansa a bakin teku ya sa ya san halin kamfanonin kuma yana iya mu'amala da su. Na uku, wanda a ganina ya fi sauran, shi ne mutane. Yana da yara da wakilai a kasuwannin ƙauye, ya ba su kuɗi ko kaya tun kafin kaka, su saya su kawo, a yi lissafi, kowa ya ɗauki rabonsa. Wannan tsari na maigida da yaronsa tsoho ne a kasuwancin Hausa, kuma in ka duba shi da kyau ɗan'uwan abin da littattafan fiƙihu ke kira ƙirali ko mudaraba ne: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba yadda aka yi sharaɗi. Yaron da ya nuna gaskiya a ƙaramin kuɗi sai a ƙara masa, har wata rana ya tsaya da ƙafarsa ya zama maigidan wasu.

Da aka haɗe Kamfanin Neja da wani babban kamfani a 1929 aka samar da UAC, Alhassan ya zama babban mai saya musu gyaɗa. Dalar gyaɗar Kano da muke gani a tsofaffin hotuna, buhuna a jere har sama suna jiran jirgi, da sunansa ake haɗa ta.

Raƙuma ashirin

Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na 1929, lokacin da ya kai kuɗinsa reshen Kano na bankin turawa da ake kira Bank of British West Africa, wanda shi ne First Bank na Najeriya a yau. An ce lodin raƙuma ashirin na tsabar azurfa aka sauke. Mutane sukan tsaya a kan yawan raƙuman. Ni abin da ya fi jan hankalina biyu ne.

Na ɗaya, a zamanin da attajirai ke binne kuɗi a tukwane a ƙarƙashin ɗaki, shi ya yarda ya miƙa nasa ga wata sabuwar hanya, domin ya ga amfaninta ga mai ciniki tsakanin Kano da Legas. Mutum ne da ya taso a zamanin wuri, ya ga yadda darajar wuri ta zube har ɗaukarsa ya fi shi tsada, ya ga kuɗin turawa sun maye gurbinsa. Wanda ya ga kuɗi sun mutu a idonsa ba zai ɗauki tara su a rami a matsayin dabara ba. Mu ma mun ga namu. A 2021 hauhawar farashi a Sudan ta haura kashi 300 cikin ɗari, wanda ya ajiye fam a ƙarƙashin katifa ya wayi gari da takardu.

Na biyu, ya ƙi karɓar kuɗin ruwa a kan ajiyarsa saboda addini. A nan akwai wani abu da yakan rikita yaranmu da suka tashi da harshe biyu. A Hausa, riba ita ce halastaccen abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗi. A Larabci kuwa kalmar da ta yi kama da ita tana nufin kuɗin ruwa da Allah ya haramta. Alhassan ya rarrabe su sarai. Ya nemi ta farko iya ƙarfinsa, ya bar ta biyu a teburin bature. A lokacinsa babu bankin Musulunci ko ɗaya da zai je. Bankin Faisal na Musulunci a Sudan sai a 1977 aka kafa shi, Jaiz a Najeriya kuwa sai 2012 ya fara aiki. Ɗalibin da ya fito daga jami'a a ƙasar nan yau ya tarar da murabaha da musharaka da mudaraba da salam a matsayin aikin yau da kullum na bankuna, ga kasuwar hannun jari ta Khartum da ta fara ciniki a 1995, ga takardun Shahama da gwamnati ta fara fitarwa a 1999. Yaƙi ya girgiza duk waɗannan, gaskiya ne, amma ilimin su yana nan, kuma ranar da za a sake gina ƙasa za a nemi waɗanda suka iya shi.

A farkon shekarun 1920 ya sauke farali. Ta jirgin ruwa ya tafi, ya bi ta Ingila har aka gabatar da shi ga Sarki Joji na Biyar. Idan na karanta wannan sai in tuna da namu kakannin, waɗanda suka taho a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur da El Obeid, suna tsayawa suna cirar auduga a Jazira don tara kuɗin jirgin Suwakin, wasu har suka tsufa a nan ba su ga Ka'aba ba. An san shi da biya wa mutane kuɗin hajji da taimakon malamai da masallatai. An kuma san shi da rashin almubazzaranci, ba mai son nuna dukiya a sutura ko abinci ba ne.

Abin da ba a cika faɗa ba

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba in na nuna kamar hanyar duk fure ce. Alhassan ya yi arziki a cikin tsarin mulkin mallaka wanda ba don amfanin baƙar fata aka gina shi ba. Kamfanonin turawa su ke da jiragen ruwa, su ke yanka farashi, su ke fitar da kaya waje. Duk girmansa, shekaru da yawa yana matsayin mai saya wa wasu ne. Ya nemi izinin fitar da gyaɗa da kansa a lokacin yaƙin duniya na biyu bai samu ba. Sai a farkon shekarun 1950, bayan an kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ya samu lasisin saye da sunan kansa, yana dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya.

Sannan akwai manomi. Harajin da turawa suka ce sai da tsabar kuɗinsu za a biya shi ne ya tura talakawa da yawa sayar da amfanin gona da wuri. Tsarin ba da kuɗi kafin kaka yana taimakon manomi a lokacin da rumbu ya ƙare, amma a hannun marar tsoron Allah yana zama igiya a wuya. Mu a nan ba sai an yi mana bayani ba, mun san shaili: ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi ko dawa a tsakiyar damina, ya karɓi buhunka a kaka a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Ba ina ɗora wa Alhassan laifin kowane ɗan tsakani ba ne. Ina dai jan hankalin wanda zai shiga wannan harka cewa tazarar da ke tsakanin cinikin salam na halal da zaluncin shaili ba ta da faɗi. Shari'a ta ce a biya kuɗin gaba ɗaya a majalisin ciniki, a fayyace nau'in kaya da mudu da ranar bayarwa. Abin da ya rage bayan wannan, wato farashin da za ka yanka wa mutumin da yunwa ta kawo ƙofarka, tsakaninka da Ubangijinka ne.

Ya kuma ga faɗuwar kasuwa. Bayan karyewar tattalin arzikin duniya a 1929 farashin gyaɗa ya zube, kamar yadda na auduga ya zube a Jazira har manoma da yawa suka gudu suka bar hawashoshinsu, wasu daga cikin mutanenmu suka karɓa suka noma. 'Yan kasuwa da dama sun karye a waɗannan shekaru. Shi ya tsallake, kuma a fahimtata dalilin bai wuce abin da muka riga muka gani ba: yana juya kuɗinsa ne na kansa, yana da ajiya, kuma hannunsa na cikin kaya fiye da ɗaya.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Da ciwo ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da masu riƙe masa lissafi, ya yi musu wasiyya da su zauna tare kada su wargaza kamfanin da ya gina. Mutum ne da ya ga yadda rabon gado ya narkar da dukiyar mahaifinsa, ya san ciwon da ke kashe kasuwancin Hausawa, wato shago ya mutu ranar da mai shi ya mutu. Ya rasu ranar Laraba 17 ga Agustan 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari a Kano. 'Ya'yansa irin su Ahmadu da Sanusi da Aminu suka ci gaba da harkar. Sanusi ya rasu a 1997, Aminu kuma a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina. 'Yar Sanusi, Hajiya Mariya, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda shi ma da rance daga dangin mahaifiyarsa ya fara ciniki a ƙarshen shekarun 1970.

To me ɗan Sinnar mai sabuwar takardar digiri zai ɗauka daga nan? Ni dai ga abin da na gani. Alhassan ya yi shekaru kusan ashirin yana koyon kaya da hanya da mutane kafin gyaɗa ta zo, shi ya sa da ta zo ta same shi a shirye. Saboda haka kada ka raina zama yaron wani. In ka samu ɗan kasuwar riɗi ko dawa ko ƙaro a kasuwar Sinnar ko Sinja ko Damazin da zai bar ka ka riƙe masa littafi, ka karɓa ko da ladan kaɗan ne. Da yawa daga cikin attajiranmu lissafinsu a ka yake, kai kuma ka iya rubuta shi, ka iya kwamfuta, ka san yadda ake cike takardun banki. Wannan shi ne jarinka na farko. A wajensa za ka koyi abin da jami'a ba ta koyarwa: wane ne ke biyan bashi, yaushe farashi ke tashi, wane buhu ne aka cika da ƙasa.

Ka buɗe naka asusun tun daga albashin farko, ka raba kuɗin ciniki da kuɗin cefane, ka rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Kada ka sa kuɗinka, balle na mahaifiyarka, a harkar da ba za ka iya bayyana wa ƙaninka ɗan aji shida daga ina ribarta take fitowa ba. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun ɗanɗana wannan a ƙarshen 2016, lokacin da MMM ta rufe da kuɗin jama'a. Ribar Alhassan kowa na iya nuna ta da yatsa: goro ne ya tashi daga Kumasi ya isa Kano, gyaɗa ce ta tashi daga ƙauye ta isa tasha. Sannan ka sa ido a kan hanyar da ke sauyawa. A zamaninsa jirgin ruwa ne da dogo. A namu, duk wanda ya rayu cikin yaƙin nan ya ga yadda tura kuɗi ta waya, irin su Bankak, ya riƙe iyalai a lokacin da rassan bankuna ke rufe. Yaron da ya fahimci wannan fanni da kyau, ya kuma tsare amana, ba zai rasa masu nemansa ba.

Amanar nan ita ce kan gaba. Wakilan Alhassan suna tafiya da kuɗinsa ƙauyuka masu nisa ba tare da wata takardar kotu ba, kamfanoni suna ba shi kaya a kan kalmarsa. Suna irin wannan ba a gina shi a shekara guda, amma ana iya rusa shi da yammaci ɗaya. Mu Hausawan Sudan, da aka daɗe ana yi mana kallon 'yan ƙwadagon gona kawai, muna bukatar 'ya'yanmu a bankuna da kamfanonin inshorar takaful da ofisoshin binciken kuɗi, kuma muna bukatar a san su da abin da aka san wannan dattijo da shi.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya jiƙan Tata da ta rene shi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa wa yaranmu albarka a abin da za su nema.